Kwanson Harsashin da Yaya Mamuda Ya Hana Ni

Da daminar bana yayana Mamuda ya cika shekara uku a ƙasa. Na sha zama in rubuta wani abu a kansa, amma kullum abin da ke fitowa shi ne irin yabon da ake yi wa kowane mamaci: mai haƙuri ne, mai zumunci ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun kuwa ba haka ba ne, domin an ji kansa da ni, kuma har ya bar duniya ba mu shirya ba. Bana na ce wa kaina ko dai in faɗi abin yadda ya faru, ko in bar alƙalamin ya huta.

Mu 'ya'yan maharbi ne. Ƙauyenmu yana bakin dajin da ya raba Katsina da Zamfara. Ba zan ambaci sunansa ba, tunda yanzu ba mai amsa sallama a cikinsa. Babanmu yana da bindiga mai baki biyu da takardar izininta, wadda yake naɗewa a leda ya ajiye a ƙasan akwatin Inna. Harsashi sai an je birni ake samu, don haka ba ya yar da kwanso. Irin na da ne, na tagulla zalla. Duk harbin da ya yi, kafin ya nufi abin da ya kayar, sai ya fara sa kwanson a aljihu. Ranar da ba ya fita daji yakan shimfiɗa buzu a zaure, ya wanke su, ya ɗaga kowanne ya duba a hasken rana, wanda bakinsa ya miƙe ya goge shi da magagari. In ya zo kan albarushi sai ya kore mu duka. Ni tun kafin a kore ni na riga na tsere wurin ƙwallo. Mamuda kuwa sai an ɗaga masa murya yake tashi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma Mamuda bai gaji harbin ba, aikin hannun ya gada. Ban taɓa ganin ya kashe ko da kurciya ba. Ya yi makarantar koyon sana'a, ya zauna a Kano yana aikin injin gyaran ƙarfe, har Baba ya rasu. Daga nan wani ya yi masa hanya ya zo Dubai, ya samu aiki a wani kulob na masu wasan harbi da ke can bayan gari, inda gine-gine suke ƙarewa yashi ya fara. Shekara biyu da zuwansa ya kira ni, ya samo mini gurbi a wani ofishin kago, na aika kaya, a unguwar Deira, kusa da kasuwar Murshid Bazaar. Aikina ɗaure kayan 'yan kasuwar Kano da Yamai, in auna, in rubuta suna, in tura. Muna kwana a ɗaki guda a wani fulat a Al Rigga, mu uku da wani Bulus, mutumin Kaduna mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki.

Sau ɗaya tak na ga wurin aikinsa yana raye, ranar da suka buɗe ƙofa ga iyalan ma'aikata. Ɗan ɗaki ne mai tebur dogo da fitila mai haske. A nan ya nuna mini cewa kwanson tagulla yakan ƙara tsayi kaɗan duk lokacin da aka harba shi, ƙarin da ido ba ya gani, amma in aka sake cika shi a haka zai iya cutar da mai harbin kansa. Aikin Mamuda shi ne ya wanke kwanso, ya auna da wani ma'auni mai baki biyu, ya sa a ɗan inji mai juyawa da hannu ya rage bakin, ya share kaifin. Garin tagulla yana zuba a tire kamar kwalli ja. Cikawar kuwa ba nasa ba ne, a wani ɗaki ake yi mai ƙofar ƙarfe, wanda ko shi ba ya shiga sai da izini. Masu gasa suna rububin aikinsa. Wani Balarabe ya dafa kafaɗarsa a gabana yana cewa habibi, hannun nan naka ya fi inji. Mamuda ya yi murmushi kawai. A hanyarmu ta komawa ya ce mini, da Baba zai ga wannan injin da ya yi kwana uku bai fita daji ba.

Waɗannan su ne kwanakinmu masu daɗi, ban kuma san su ne ba sai da suka wuce. Ranar Juma'a mukan sauko daga masallaci mu ci shinkafa a wurin wata mata 'yar Maraɗi, mu hau abra, ɗan jirgin ruwan haya, mu tsallaka ruwa ba don muna da abin yi a can ba. Yana maganar gina wa Inna ɗaki na siminti, da sa 'yarsa Hafsatu a makarantar kwana. Ni ina maganar aure.

Sai labarin gida ya fara canza kala. Da fari shanu ake korewa. Daga baya aka koma tare hanyar kasuwa. Daga baya kuma aka daina jiran ranar kasuwa, ana shigowa gari da rana tsaka a kan babura. Inna ba ta faɗa mana komai, in ka kira ta sai lafiya lau, sai dai ta tambayi ko muna cin abinci. A bakin Lawwali muke ji. Lawwali ɗan kawunmu ne, sa'ana, tare aka yi mana kaciya. Shi samarin gari suka ɗora a gaba da suka yanke shawarar tsare kansu. Yakan turo mini saƙon murya ina tsakiyar ɗaure kaya, in shiga bayan kwalaye in saurara. Ranar da ya ce an harbe mutum biyu a gonar da ke maƙwabtaka da tamu, kuma mata da tsofaffi a cikin dawa suke kwana har da Inna, na zauna a kan buhun atamfa na kasa tashi, sai da maigidana ya yi ta yalla, yalla a kaina, wato in yi maza.

Lawwali ne ya fara kawo maganar. Ya ce bindigar Baba tana hannunsu, da wasu 'yan kaɗan, kuma akwai maƙeri a garin gaba da ya iya cika harsashi. Abin da suka rasa shi ne kwanso mai kyau. Ya ce ga Mamuda yana zaune a kan tulinsa kamar kaza a kan dami, ga ni kuma kullum ina tura kaya gida. Ya ce tagulla ce fa kawai, ba wuta a cikinta, a zuba a cikin tukwane ko fitilu, wa zai duba? Ya ce mini, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ana cewa ka shafa wa naka ruwa, to mu namu gemun ne yake ci.

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni nan take. Na san haramun ne a dokar ƙasar nan da ta gida, na san in aka kama mu ɗauri ne mai tsawo. Amma duk lokacin da na rufe ido Inna nake gani, da ciwon gwiwarta, a tsugune cikin jiƙaƙƙiyar dawa. Na kai wa Mamuda maganar da safe yana shirin fita. Ya saurare ni har na gama, yana ɗaure igiyar takalmi. Ya ce da farko kwanson da yake gyarawa ba irin na bindigar Baba ba ne, ba zai ma shiga ba. Na ce Lawwali ya ce suna neman wasu bindigogin. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ce to wannan ne ma ya fi ba shi tsoro. Ya ce amana aka ba shi, kuma ko ba amana, abin da ya fita daga hannunsa zuwa dajin nan bai san ƙirjin da zai sauka ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi kama motar aiki.

Na ɗauka shawaiya-shawaiya, wato sannu a hankali, zan shawo kansa. Na yi sati biyu ina bi ta nan ina bi ta can. Na kawo masa ayoyin kare kai, ya ce ya san su. Na sa Lawwali ya kira shi, suka yi kusan awa guda, ya fito daga wayar idonsa ja, amma bai sauya ba. Ya ce wa Lawwali a kwashe tsofaffi da mata da yara a kai su Funtuwa, shi zai ɗauki nauyin mota da wurin zama. Lawwali ya ce wanda ya bar gonarsa da damina ya bar ta ke nan har abada. Kowannensu yana da gaskiyarsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a lokacin gaskiyar Lawwali kaɗai nake ji.

Da na ga ba ci, sai na bi ta bayansa. Na san kulob ɗin yana sayar da kwanson da ya tsufa ga masu sayen tsohon ƙarfe. Na yi ta tambaya har na gano filin da ake kaiwa, a wata unguwar masana'antu mai nisa. Na ɗauki hutun rabin yini, na hau metro, na hau bas, na ƙarasa da ƙafa cikin zafin da ke narka kwalta. Mai filin ya ɗauka ni dillali ne, ya kai ni gaban durom-durom ya buɗe ɗaya. Na zura hannu na ɗebo. Kowane kwanso an murƙushe shi ya zama kamar ƙwallon goro da aka taka. Na tona har gwiwar hannu, ban samu ko ɗaya mai rai ba. Mutumin ya ce ai haka suke zuwa, doka ce, kuma wani baƙin mutum mai tsantseni a can shi ke bi ɗaya bayan ɗaya, ba ya barin ko guda ya tsira. Na tsaya a rana hannuna yana warin tagulla, na gane cewa yayana ne ya riga ni zuwa wurin, tun kafin in yi tunanin zuwa.

Juma'ar da ta biyo muka hau abra kamar yadda muka saba, mu biyu, Bulus yana wurin aiki. Ruwa yana walƙiya, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. A nan na faɗi maganar da har gobe nake jin ɗacinta a harshe.

Na ce, "Yaya, kana gyara wa masu kuɗi harsashi su harbi takarda don nishaɗi, uwar da ta haife ka tana kwana a dawa. In aka kashe ta, da hannunka a ciki."

Bai ɗaga murya ba. Yana kallon ruwa ya ce, "Sabi'u, ka gama?"

Na ce na gama.

Ya ce, "To, Allah ya huci zuciyarka."

Magana zarar bunu ce. Da jirgin ya tsaya ya sauka ya bi hanyarsa, na bi tawa. Muka yi kwana goma sha wani abu a ɗaki guda ba mai ce wa wani uffan sai gaisuwa. Bulus ya yi iya ƙoƙarinsa, yakan dafa taliya ya zuba mana a faranti ɗaya da gangan, mu ci kowa yana kallon gefensa. Ya taɓa tare ni a bakin matakala ya ce shi ma garinsu an taɓa shiga, ya san abin da nake ji, amma in rage wa mutumin nan nauyi, domin yana ganin yadda yake dawowa daga aiki ya kasa cin abinci. Na ce masa wannan maganar gida ce.

Ashe a kwanakin nan Mamuda yana neman hutu. Da suka ce lokacin gasa ne ba za su sake shi ba, ya ce musu halas, shi ke nan, su riƙe aikin. Ban sani ba sai ranar da na dawo na tarar da gadonsa a gyare, akwatinsa ba ya nan. Bulus ne ya raka shi filin jirgi. Ya ce Mamuda ya tsaya a ƙofar ofishinmu ya hango ni ina ɗaure kaya, ya yi kamar zai shigo, sai ya ce a bar ni kada a ɓata mini aiki, in ya dawo ma yi magana.

Abin da ya faru a gida, a bakin Inna da direban motar na tattara shi. Ya sauka Kano, bai kwana ba ya wuce Funtuwa, ya kama ɗakuna biyu a wani gida, ya ɗauki hayar wata babbar mota. Direbobi uku suka ƙi zuwa kafin na huɗu ya yarda. Suka shiga gari da hantsi. Matarsa da 'ya'yansa suka hau, matan maƙwabta da 'ya'yansu suka hau. Inna ta ce ba inda za ta, ga kabarin mijinta a bayan gida, ga gyaɗarta ta fara fure. Ya roƙe ta, ya durƙusa, ta juya masa baya. Sai ya ce ta yafe masa, ya sunkuce ta kamar jaririya ya kai ta gaban mota, tana dukan bayansa tana cewa ba ta yafe ba. Suka isa Funtuwa lafiya kafin la'asar.

Motar ba ta ɗauke kowa ba. An bar wasu tsofaffi, cikinsu har da gwaggonmu makauniya, da alkawarin za a dawo. Inna ta ce ya huta kwana biyu, ya ce ba a san abin da kwana biyu za su haifar ba. Washegari suka koma. Sun ɗauko tsofaffin, sun yi nisa kaɗan daga gari, 'yan bindiga suka tare su a wata kwana inda hanya ta ratsa rafi. Direban ya ce Mamuda ne ya buɗe ƙofa ya sauka, hannuwansa a sama, yana ce musu tsofaffi ne kawai a ciki, ba komai. Ya ce yana cikin magana ɗaya daga cikinsu ya harbe shi, ba gardama, ba dalili. Suka leƙa bayan motar, suka ga abin da ya faɗa gaskiya ne, suka karɓe wayoyi suka tafi. Tsofaffin nan su suka taimaka aka ɗora shi. Ya cika kafin su kai titi.

Ina cikin auna kwalin takalma aka kira ni. Lawwali ne. Bayan ya faɗa mini, sai ya ƙara da cewa da an aiko da abin da ya nema, da su suka raka motar. Na yarda da shi a ranar. Na zauna a ƙasa a gaban mutane ina jin haushin mamaci, ina jin haushin kaina da na kasa shawo kansa. Ban samu jana'iza ba. Fasfo ɗina yana hannun kamfani, kafin a sake shi an yi sadakar uku.

Yau shekara uku, kuma na daina sanin wanda ya yi daidai. Bayan rasuwarsa su Lawwali sun samu abin da suke nema ta wata hanyar, ba ta hannuna ba. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi amfani. Sau biyu aka zo suka kora, aka yi girbi a shekarar, mutanen da da sun mutu suna raye. A lokacin nakan ce a raina, ka gani ko, Yaya? Sai wata ranar kasuwa samarin suka tare wasu Fulani da suka kawo nono da awaki, suka ce 'yan leƙen asiri ne. A cikin waɗanda aka kashe har da ɗan Buba, abokin Baba, wanda a gidanmu yake ajiye sandarsa duk ranar kasuwa tun muna yara. Ramuwar da ta biyo baya ita ta tashi garin. Lawwali yana raye, ƙafa ɗaya ta shanye, yana zaune a wani gari ba ya son a san inda yake. In muka yi waya ba ma tada maganar. Gaba kura, baya siyaki: da an riƙe makami an mutu, da an ajiye an mutu.

Nakan tambayi kaina me Mamuda zai ce in ya ga yau. Ba na jin zai ce ai na faɗa muku, ba halinsa ba ne. Ina jin zai tambayi ko rufin ɗakin Inna yana zuba, ya nemi tsani. Zai yi mamakin Dubai ɗin da ya bari. Annobar korona ta zo ta rufe Murshid Bazaar har na ga tattabaru suna yawo a inda da ba ka samun wurin sa ƙafa. Ofishinmu ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka ce su jira kira. Bulus ya koma gida da jirgin kwaso mutane, ɗakinmu yanzu baƙi ne a ciki, ni ina raɓe a wurin wasu 'yan Kano a Deira, ina ɗaure kaya in an samu. Bizata ta kusa ƙarewa. Jirage tsakanin nan da gida yau a buɗe, gobe a rufe, yanzu ma a rufe suke. Zai yi mamakin yadda labarin kisan ƙauye guda ya zama abin da muke karantawa a waya muna tauna burodi, mu ce Allah ya kyauta, mu wuce zuwa na gaba. Wannan nake jin zai fi ba shi tsoro, fiye da bindigogin.

Na taɓa komawa kulob ɗin sau ɗaya, don karɓo 'yan kayansa. Wanda ya gaje shi ya ba ni kwali: rigar aiki, tabarau, da kofin shayi. Ya ce har yanzu tsofaffin 'yan gasa suna tambayar ina mutumin nan ɗan Najeriya. Na ce ya tafi gida. Ban iya ƙarasa sauran ba. Ina tsaye ina jin ƙarar harbi daga fili, tas, tas, a tsare, kowa da abin toshe kunne, ana tafa wa wanda ya samu tsakiya. Ban ji haushinsu ba. Na dai tuna cewa duk tsawon watannin nan, kullum da wannan ƙarar a kunnensa yake aiki, yana sane da inda uwarsa take kwana, yana juya injin nan a hankali don kada wani baƙo ya ji ciwo. Ni da nake zaton ba abin da yake ji. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Hafsatu ta shiga makarantar kwana bara, ba ta siminti da ƙawa ba, amma ta shiga. Ƙaninta da aka goyo a motar nan yanzu yana gudu a tsakar gida. Gwaggo makauniya ta rasu a kan katifa, a ɗaki, da mutane a kanta suna yi mata kalmar shahada, kuma a ƙasarmu ta yau wannan ba ƙaramin rabo ba ne. Matan da ya kwaso sun watsu a Funtuwa da Zariya, wasu suna sayar da ƙosai, wasu sun yi aure. An haifi yara biyu a cikinsu an sa musu Mamuda. In ana neman abin da ya rage na yayana, ba ɗakin siminti ba ne, bai samu ginawa ba. Mutane ne masu numfashi, waɗanda ba su san komai game da tagulla ko ma'auni ba, sun dai san wani ya zo da mota ranar da ba wanda zai zo.

Abu ɗaya na ɓoye wa Inna duk shekarun nan, shi ne abin da ya shiga tsakaninmu. Ina tsoron ta ce ni na tura shi. A watan jiya na kasa riƙewa. Na kira ta bayan azahar, na zauna a matakalar wani shago da ke rufe, na faɗa mata komai, tun daga saƙon Lawwali har maganar da na yi a kan ruwa. Sai ta ce ai ta sani. Ta ce a gaban mota, bayan ta gaji da dukansa, shi ya ba ta labari don ya sa ta dariya, ya ce ƙaninsa ya kusa cinye shi ɗanye saboda ita. Ta ce bai faɗa da ɓacin rai ba, da alfahari ya faɗa. Ta ce kafin su kai Funtuwa ta janye rashin yafewarta, ta sa masa albarka, kuma wannan ne abin da take gode wa Allah a kai kullum.

Na tambaye ta, to a ganinta wa ke da gaskiya a cikinmu.

Ta ce, "Ni ban san wannan ba, Sabi'u. Tsoro ne ya kama ku ku biyu. Shi ya ɗauko nasa ya kawo mini, kai kana can kana jinyar naka. Shekara uku ya isa. Ka taho da tsoron naka gida in gan ka, ni ma ba ƙaramar yarinya ba ce."

Na ce mata jirage a rufe suke. Ta ce to in an buɗe. Kullum da safe yanzu sai na bi ta ofishin masu sayar da tikiti a Al Rigga, in tambaya, a girgiza mini kai, in wuce. Muryarta tana ƙara siririya a waya, ni kuma ba abin da ke hannuna sai jira, abin da ban taɓa iyawa ba.

Mai karatu, in ka kai nan, ka yi wa Mamuda ɗan maharbi addu'a, da duk waɗanda suka faɗi a hanyoyin da ba a rubuta sunansu ba. Allah ya yalwata masa kabari, ya karɓi tafiyarsa ta biyu a matsayin shahada. Ni kuma ka roƙa mini Allah ya buɗe hanya, in iske tsohuwar nan da ranta.